Ɗan rakiya a bakin fili: sama da shekara 20 na Waluigi da gem ɗin Smash

1/ Yau zaren tarihi na kawo, amma ba na Sarauniya Amina ba. Tarihin wani dogon ɗan gem ne mai siririn gashin baki, sunansa Waluigi, wanda ya fi shekara 20 a bakin filin dambe mafi cika a duniyar gem ba a bar shi ya sa zare ba. Ku gyara zama. 🧵

2/ Mafarin maganar: da hutun Babbar Sallah ɗan yayata da ke karatu a ABU ya zo mana Hunkuyi da Nintendo Switch na abokinsa. Bayan la'asar muka baje tabarma a zaure, ya kunna Super Smash Bros. Ultimate. Allon zaɓen 'yan wasa kawai na gani na ce kai, wannan ai taron dangi ne.

3/ In ka ƙirga kowa da kowa, 'yan wasa 89 ne. Ga Mario, ga Sonic, ga Ryu da Ken na Street Fighter, ga Kazuya na Tekken, ga Snake, ga Pikachu. Kamfanonin da a da ba sa ga maciji, duk sun turo 'ya'yansu fili ɗaya. Sai yaron nan ya ce: "Kawu, har fulawa a tukunya an sa, amma an hana Waluigi. Wannan ba zalunci ba ne?"

4/ Na yi dariya, amma tambayar ta kwana da ni. Waɗanda suka san ni sun san shekara 9 na yi ina yaron shago a gidan gem. Tun zamanin kaset mai ruwan ɗorawa, Mario da harbin agwagwa, zuwa Sega da Mortal Kombat, har PS2 da janareta na kuka a bayan shago. Na san zaman gefe kana miƙa wa wasu hannun gem.

5/ Don wanda bai san shi ba: a yaren 'yan kallo akwai akta, akwai bos, akwai abokin akta mai bin sa a baya yana ba da dariya. Mario akta ne. Luigi ƙanensa ne. Wario shi ne Mario na sharri, mai kwaɗayin kuɗi. Waluigi kuwa abokin tafiyar Wario ne. Wato ko a cikin 'yan rakiya, shi a layi na biyu yake.

6/ Mu koma farko. A kamfanin HAL Laboratory na Japan, Masahiro Sakurai, wanda ya ƙirƙiro Kirby, shi da Satoru Iwata, wanda ya zama shugaban Nintendo a 2002, suka haɗa gwajin wani gem na faɗan mutum huɗu. 'Yan wasan gwajin ko fuska ba su da ita. Sakurai ya ga gem ɗin faɗa na gida ba zai sayu ba sai da fuskokin da aka sani.

7/ Sai ya sa Mario da su Donkey Kong a ciki, Nintendo ta amince. Ranar 21 ga Janairu 1999 Super Smash Bros. ya fito a kan Nintendo 64 da 'yan wasa 12. Tun ranar aka kafa al'adar da ta zame wa Waluigi ƙaya: ɗan wasa jakadan gidansu ne. Yana zuwa da tambarin gidansu, galibi har da fili da kiɗan gidansu.

8/ Masu zuwa kallon dambe sun gane wannan. Ba ka faɗa fili don kawai kana da ƙwanji. Sai an san ɓangarenka: Kudu ne, Jamus ne, ko Guramada? Wa ya ɗaura maka zare? Wane makaɗi ne zai kira sunanka? Mai ƙarfin da ba shi da ɓangare, kallo zai yi ya koma gida.

9/ Da na bi tarihin, ƙofa biyu na gani ta shiga Smash. Babbar ƙofa: ka zama fuskar gem ɗinka. Captain Falcon direban motar tsere ne a F-Zero na 1990, ko naushi ɗaya ba ka yi da shi a gem ɗin. Amma shi ne fuskar gidan, don haka aka zauna aka ƙirƙira masa naushi da shuri daga tushe.

10/ Ƙaramar ƙofa: ka yi kama da wanda ya riga ya shiga, yadda aikinka zai yi araha. Haka Luigi ya shiga a 1999, aka ɗora shi a kan jikin Mario. Jigglypuff ma ta ci arzikin Kirby ne, tunda dukansu dunƙulallu ne kamar ƙwallo. Ba wai sun fi kowa cancanta ba, ɗinkinsu ne bai ci yadi ba.

11/ Mu 'yan Mortal Kombat mun san wannan dabara ba tare da mun san sunanta ba. A na 1992, mutum ɗaya ne, Daniel Pesina, aka ɗauki hotonsa a kayan ninja. Aka shafa rawaya ya zama Scorpion, shuɗi ya zama Sub-Zero, kore ya zama Reptile. Mu kuwa muna shago muna musun wa ya fi wani ƙarfi.

12/ Har ma da Ermac. Asalinsa wata kalma ce a allon lissafin na'urar, ta ƙirga kurakurai. 'Yan wasa suka yi ta yaɗa cewa akwai ɓoyayyen jan ninja. Da jita-jitar ta yi yawa, a 1995 aka shafa ja aka fito da shi a Ultimate Mortal Kombat 3. Wanda babu shi ma ya samu shiga, saboda kayansa na rataye a ɗaki.

13/ Smash na biyu, Melee, ya fito a 2001 a kan GameCube bayan aikin wata 13 ba hutu. Don a ƙara yawa aka shigo da 6 ta ƙaramar ƙofa: Dr. Mario, Falco, Pichu, Young Link, Ganondorf da Roy. Shi Roy, gem ɗinsa ma bai fito ba sai Maris 2002. Talla aka yi da shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

14/ To ina Waluigi? A 2000 kamfanin Camelot na yi wa Nintendo gem ɗin Mario Tennis. Wasan bibbiyu na buƙatar abokin wasa. Mario na da Luigi, Wario ba shi da kowa. Sai mai zane Fumihide Aoki ya zana wani dogo, siriri, mai kaya shunayya da harafin L a juye a hularsa. Sunan daga "warui" ne, wato mugu da Japananci, haɗe da Luigi.

15/ Kun ga dalilin haihuwarsa kenan: cike gurbi. Tun daga nan yana tanis, yana golf, yana tseren Mario Kart, yana Mario Party. Duk inda ake taro yana nan, kamar ɗan unguwar da ba a biki sai da shi. Amma ba a taɓa yin gem da sunansa ba, kuma ba shi da rawa a manyan labaran Mario na ceto gimbiya.

16/ Ya tuna min da Ƙoƙi. Duk yaron da aka yi wa tatsuniya ya san ta. Amma in aka ce "ga ta nan ga ta nanku", labarin Gizo ake jira. Ita tana gida tana jiran ya dawo da rigimarsa. Kowa ya san sunanki, amma ba don ke aka taru ba.

17/ Ku kwatanta da Wario. Shi ma a 1992 bos ne kawai a Super Mario Land 2. Amma a 1994 aka ba shi nasa, Wario Land, a 2003 kuma WarioWare. Da ya shiga Smash a 2008 da kayansa ya zo: babur ɗinsa, tafarnuwarsa, har da tusarsa mai tashi da mutum sama. Duk abin da zai yi faɗa da shi daga gida ya ɗauko.

18/ A wannan Smash ɗin na 2008, wato Brawl, aka ƙirƙiro abin da suke kira Assist Trophy, ni ina ce masa ɗan agaji. Wata kwalba ce ke faɗowa fili, in ka ɗaga sai wani ya fito ya taya ka faɗa na ɗan lokaci ya ɓace. Waluigi na ciki. Ya tattake mutum cikin ƙasa, ya maka masa sandar tanis ko ya shure shi, ya tafi.

19/ A ido karramawa ce. A zahiri kuwa ajiye shi aka yi. Haka ya fito a 2008, haka a 2014, haka a 2018. Kuma a Ultimate, duk da shekara uku da aka yi ana ƙara sababbin 'yan wasa, ko ɗan agaji ɗaya ba a ɗaga ya zama cikakken ɗan wasa ba. Da an gan ka a kwalba, an san naka ya ƙare sai wani gem ɗin.

20/ Ranar 12 ga Yuni 2018 aka nuna Ultimate ga duniya, da albishir cewa duk wanda ya taɓa shiga Smash ya dawo. A cikin wannan murnar aka hango Waluigi a kwalba. Abin da ya fi ƙona wa masoyansa rai: a ranar aka sanar da Daisy.

21/ Ita Daisy ta fito a 1989, aka kusa mantawa da ita, sai Mario Tennis na 2000 ya dawo da ita. Wato gem ɗaya ya tsayar da su biyun. Ita ma ba ta da gem nata. Amma tsayinta da rigarta irin na Peach ne, sai aka ɗora ta a kan Peach, ta shige ta ƙaramar ƙofa.

22/ Waluigi fa? Ƙafafu kamar na zalɓe, hannu har gwiwa. Ba ya zama a jikin Luigi, ba ya zama a jikin Wario. In za a sa shi sai an yi masa ɗinki daga farko, kamar babban baƙo. Babbar ƙofa ta fi ƙarfinsa, ƙarama kuma ta yi masa kaɗan. Abin da ya sa ake son sa, wato bai yi kama da kowa ba, shi ne ya tsada shi.

23/ Na san za ku ce fulawar fa? Piranha Plant, wadda aka sanar a Nuwamba 2018. Gaskiya ne ba ta da gem. Amma tun Super Mario Bros. na 1985 take leƙowa daga bututu tana cinye mana rai. Duk wanda ya taɓa riƙe hannun gem a Hunkuyi ya san ta. Mutum nawa ne a cikinmu suka san Waluigi kafin zuwan waya mai intanet?

24/ Kuma a tsawon shekarun nan an yi ta iri-iri: mai aman wuta, mai guba, mai hura ƙwallon ƙaya, mai dogon wuya. Duk an tattara sun zama dabarun faɗanta. A nawa ganin, Sakurai na neman wanda zai kawo salon wasa da babu irinsa a fili, kuma fulawa a tukunya ta ba shi wannan.

25/ Ƙaya ta gaba ita ce ta mallaka. Waluigi dai ɗan gida ne, na Nintendo. Amma akwai ɗan'uwansa a wahala, Geno. Ɗan tsana ne na katako da ruhin tauraro ya shiga, abokin tafiyar Mario a Super Mario RPG na 1996. Kamfanin Square ne ya yi gem ɗin, don haka duk da a duniyar Mario yake, takardarsa na hannun Square.

26/ Bayan nan kaɗan Square ta kwashe kayanta ta koma PlayStation da Final Fantasy VII a 1997. Geno ya zama kamar yaron da iyayensa suka rabu: a gidan uba aka san shi, amma yana hannun uwa. Sakurai da kansa ya taɓa faɗa a hira cewa ya so sa shi tun lokacin Brawl, abin bai yiwu ba.

27/ Da aka shirya, Square Enix ta samu kujeru a Smash. Wa ya hau? Cloud a 2015, Hero na Dragon Quest a 2019, Sephiroth a 2020. Manyan 'ya'ya masu kawo kuɗi. Geno kuwa riga aka yi da kamanninsa, ka saya ka sa wa ɗan wasan Mii. Sau biyu, 2015 da 2020. An ba masoyansa hula, an hana su mai hular.

28/ Wannan ba a Nintendo kaɗai ba ne. A 2012 Sony ta yi nata taron, PlayStation All-Stars Battle Royale. Mu da muka tashi da PS1, wa muka fi sani kamar Crash Bandicoot? Ba ya ciki, domin a lokacin mallakar Activision ne. Fuskarka na iya zama ta wani gida, takardarka na wani gidan.

29/ Sai ɗan yayata ya ce, to a yi zaɓe mana. An yi. Daga Afrilu zuwa Oktoba 2015 Nintendo ta buɗe ƙuri'a a intanet, aka kaɗa kusan miliyan 1.8. A Disamba aka sanar da Bayonetta, aka ce ita ce ta ɗaya a cikin waɗanda za a iya samu. Ku lura da wannan sharaɗin.

30/ Sai ranar 5 ga Oktoba 2021 Sakurai ya bayyana cewa ainihin wanda ya zo na ɗaya shi ne Sora na Kingdom Hearts, wanda sai da yardar Disney. Shekara 6 kafin a ba shi kujerarsa, kuma shi ne na ƙarshe da ya shiga. In akta da ya ci zaɓe ya yi wannan jiran, ina ga ɗan rakiya?

31/ Ga kuma lissafin kasuwa. Bayan fulawa, kowane ƙarin ɗan wasa a Ultimate ana sayar da shi dala 5.99, haɗe da filinsa da kiɗansa. Sakurai ya ce Nintendo ce ta zaɓo sunayen, shi nasa ya duba ko zai yiwu. Kamfani kuwa tambayarsa ɗaya: wa zai jawo mana sabon mai saye?

32/ Shi ya sa aka yarda aka sake taɓa duk filayen gem ɗin don Steve na Minecraft ya iya jera tubalinsa a 2020. Wahala ce babba, amma bayansa akwai miliyoyin yara. Mai son Waluigi kuwa ya riga ya sayi Switch, ya sayi Mario Kart, ya sayi Smash ɗin ma yana ƙorafi. Ba a yi wa kazar gida tarko.

33/ Ƙaya ta ƙarshe, wadda ta fi taɓa ni: ubangida. Snake ya shiga ne saboda mahaliccinsa a gem, Hideo Kojima, ya roƙi Sakurai tun lokacin Melee. A 2020 da za a ɗauki ɗaya daga ARMS, Spring Man na bangon kwali yana kwalba, furodusa Kosuke Yabuki ya ce Min Min yake so. Ita aka sa.

34/ Ku tuna Roy da na ce ku riƙe. Ba wanda ya san shi a 2001, amma gidansu na da kayan sayarwa a gaba, akwai masu magana da yawunsa a ɗakin taro. Waluigi an haife shi a Camelot, yana aiki a kowane sashe, amma babu wani gem nasa da ke jiran talla. Ɗan kowa, shi ya sa ba na kowa ba.

35/ Ana fita daga kwalba kuwa? Ana fita. Little Mac ɗan agaji ne a 2008, aka yi sabon Punch-Out!! a 2009, ya zama ɗan wasa a 2014. Dark Samus ta fita a 2018 ta jikin Samus. Isabelle, sakatariya ce kawai a Animal Crossing: New Leaf na 2012, gem ɗin ya sayu sama da miliyan 10, ta zama fuskar gidan, ta fita a 2018.

36/ Duba su ukun. Ɗaya an raya gidansu, ɗaya ta samu mai kama da ita, ɗaya ta girma a gida har ta zama uwar ɗaki. Babu wanda ihu ya fitar. A 2018 wasu masoyan Waluigi sun yi ta aika wa Sakurai zagi a Twitter. Abin da suka samu kawai shi ne sunan banza ga masoyan gaba ɗaya.

37/ Yanzu dalilin da tambayar ta kwana da ni. A shekarata ta 8 a shago, Maigida ya buɗe na biyu a Makarfi. Ni ke buɗewa, ni ke rufewa, ni ke gyaran hannun gem, ni ke zuwa Sabon Garin Zariya sayo faifai. Yara sunana suke kira, ba nasa ba. Na riga na fara lissafin yadda zan jera talabijin a can.

38/ Sai ya ba wani da bai fi wata 7 da zuwa ba, ɗan abokinsa. Na daure na ce, "Maigida, ko na yi laifi ne?" Ya dafa ni ya ce, "Haba, kai in ka tafi wa zai riƙe min nan?" Wallahi har zuciyarsa yabo ne. Amma a daren na gane na iya zaman da nake yi har ya zama ba a iya hango ni a wani wurin.

39/ Ban yi faɗa ba, ban ɓata da shi ba, har gobe ina gaishe shi. Adashi na shiga. Shekara ɗaya na kwasa, na sayi talabijin ɗaya da PS2 ɗaya na hannu, na kafa a wata rumfa da benci biyu. Ranar farko yara 4 suka zo. Amma a ranar ne manya suka fara kira na mai shago.

40/ Amsar da na ba ɗan yayata kenan. Bambancinmu da Waluigi, shi zane ne, ba zai iya shiga adashi ba, sai ranar da Nintendo ta ga dama. In masoyansa na son ya sa zare, su daina roƙar masa kujera a Smash, su roƙa masa gem nasa ko da ƙarami ne. Ta nan Wario ya bi.

41/ Kai kuma da ke karanta wannan a shagon wani, ko garejin wani, ko bayan kantar wani: riƙe amana, koyi aikin har ƙarshe, amma ka riƙa ajiye wani abu da sunanka a kai. Yaron ya ce, "Kawu, ni gem na tambaye ka." Na ce ai gem ɗin na amsa maka, miƙo hannun in rama cin da ka yi min.

42/ Nan zan tsaya, an kira magariba. Wanda ya ga kuskure a shekara ko suna ya gyara min a ƙasa. Ku kuma faɗa min: a gem ko a fim ɗin Hausa, wane ɗan rakiya ne kuke ganin ya isa a ba shi nasa? Allah Ya ba kowa nasa rabon mai albarka.